Tsinken Lawwali da Tulun Iri

Shekara ta biyu ke nan da fari a ƙasar Gobir. Watan bakwai na manoma ya wuce, na takwas ya raba tsakiya, ba a ga ɗigon ruwa a Tsamaye ba. Shanu sun yi kudu, samari sun bi bayansu, waɗanda suka rage suna cin anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an wuni ana dafawa ana zubar da ruwa kafin su ciwu. A cikin wannan hali ne Lawwali ɗan Yari ya sauko daga motar Sabon Birni da akwatin ƙarfe, biro uku a aljihu, da tabaran masu walda a goshi.

Ajin ƙarshe yake a wata makarantar koyon sana'a da kimiyya can Sakkwato. An sallami 'yan ajinsu kowa ya je garinsu ya ƙera wani abu mai amfani ga jama'a, malami zai biyo baya ya duba ya ba da maki. Wasu sun zaɓi murhu mai cin itace kaɗan, wasu tarkon ɓera. Lawwali ya ce shi bai yi shekara da shekaru yana cin wake da garin kwaki don ya ƙare a kamun ɓera ba. Shi ruwan sama zai auna tun bai zo ba.

Washegari ya yi wa dattawa bayani a gindin tsamiyar ƙofar masallaci. Ya ce iska tana ɗauke da danshi, gashi kuma yana jin danshi ya miƙe. In aka ɗaure dogon sili guda a jikin allo, aka rataya masa nauyi, aka maƙala masa tsinke, to duk ranar da ruwa ya kusa, tsinken zai sunkuya da kansa. Malam Almu, limamin gari, ya ce shi dai a iya saninsa Allah ke saukar da ruwa.

"Gaskiya na, Malam," in ji Lawwali. "Amma ruwa ba ya shigowa gari babu sallama. Shina aiko da ɗan aike cikin iska. Ku ba ku jin harshen ɗan aiken, ni an koya mini."

Illo mahauci, wanda rabonsa da yanka ko akuya tun sallar layya, kuma duk kaifin da wuƙarsa ta rasa ya koma harshensa, ya tambaya ko an koya musu harshen ɗan aiken tuwo, don shi wannan yake jira.

Yari yana gefe yana gyara ƙotar sungumi, bai ɗago ba. Lawwali ɗan fari ne, a gidan Yari kuwa ana riƙe da kunyar ɗan fari yadda aka gada. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ba ya tsawata masa. Uwar kuwa, Safiyatu, ko ido ba ta haɗawa da shi. In tana da magana da shi sai ta faɗa wa kaza ko turmi, shi kuma ya tsinta. Lawwali ya daɗe da fassara wannan shiru: ya ɗauke shi amincewa.

Abin da Yari ya mallaka a duniya tulu biyu ne na irin gero, zango mai dogon kai, an gauraya da toka an liƙe baki da laka, suna ƙarƙashin gadon Safiyatu. An ci dusa a gidan nan, an ci anza, an sayar da tunkiya da tabarmar zaure, ba a taɓa tulunan ba.

Matsalar farko gashi. Lawwali ya tsaya a tsakar gida ya sanar wa iska cewa kimiyya na bukatar gashin mace. Safiyatu ta dubi kaza, ta ce a gaya wa masu kimiyya ita in gashinta ya zube cikin ramin bango take cusa shi, don ba ta san hannun da zai faɗa ba, kuma ba ta yi zaton daga cikin gida za a fara nema ba. Ya zaga gidajen maƙwabta. Kafin la'asar magana ta gama gari cewa ɗan Yari ya koyo sammu a makarantar gwamnati, mata suka riƙa ƙara tamke ɗankwali in sun hango tabarau.

Sai ya tuna da gemun Malam Almu, wanda ya kai ƙirji. Bayan azahar liman na gyangyaɗi a zaurensa, tasbaha a hannu. Lawwali ya durƙusa kamar mai gaisuwa, ya zaɓi silin da ya fi tsawo, ya fizga. Uku suka fito. Liman ya zabura da salati, ya kai mari inda yake zaton rina take, ya samu kunnen Lawwali. Da aka yi masa bayani ya ce ya yafe don Allah, amma daga yau ɗan Yari ya riƙa gaishe shi daga bakin ƙofa. Silin kuwa duk yadda aka miƙe shi sai ya koma ya murɗe kamar ƙahon rago.

Jakin Illo ne ya rufa asiri, shi ma ba da son ransa ba. Lawwali ya samu sili daga wutsiya, ya kuma samu kofato a cinya. Ya dawo yana ɗingishi, ya ce wa masu jaje ba a taɓa gano babban abu a duniya ba sai da wani ya ji ciwo.

Ya samo allon katako, ya buga ƙusa a sama, ya ɗaura silin, ya rataya masa tsohon ahu, kuɗin ƙarfen nan na da mai huda, ya maƙala tsinken tsintsiya. Da gawayi ya rubuta FARI a sama, RUWA a ƙasa. Ya sa wa abin suna Injin Hasashen Damina, gari kuma ya sa masa suna tsinken Lawwali, sunan gari ne ya zauna. Ya rataye shi a jikin dangar gidansu daga waje inda kowa zai gani. Bayan wannan danga kuwa, daga ciki, murhun Safiyatu yake, inda tukunyar anza ke tafasa tun daga hantsi, tururi na bi ta ƙofofin zana.

Da hantsi tsinke ya fara sunkuyawa. Kafin azahar ya dangana da RUWA.

Lawwali bai yi gudu ba. Ya tafi gindin tsamiya a hankali, hannuwa a baya, ya ce duk mai iri ya je ya yi binne, kafin Juma'a ƙasa za ta sha. Binne shi ne a shuka a busasshiyar ƙasa a jira ruwa ya tarar da iri a rami. Wanda ya dace ya riga kowa cin sabon gero, wanda bai dace ba ya ciyar da tsuntsaye. Mutane suka je suka gani da idonsu: da safe tsinke na sama, da rana ya sunkuya, babu hannun da ya taɓa shi. Yunwa kuma takan sa mutum ya gaskata abin da ƙoshi zai yi wa dariya. Rabin unguwa suka fita da sungumi. Yari ya daɗe tsaye gaban allon, sannan ya shiga ɗaki ya fasa bakin tulu ɗaya.

Juma'a ta zo, sama tas kamar kwanon da aka lashe. Asabar haka, Lahadi haka. Zabin daji suka gano inda aka ajiye musu, suka gayyato dangi. Abin da suka bari tururuwa suka kwashe a jere. Illo ya ce tun da yake bai taɓa ganin zabi masu ƙiba a shekarar yunwa ba sai bana, kuma ya kamata su aiko da wakili su yi wa ilimin zamani godiya. Mata a bakin rijiya suka naɗa Lawwali Sarkin Hadari. Wata tsohuwa da ta binne ɗan abin da ta ɓoye a ƙullin zane ta zo har ƙofar gida da muciya, ta jira shi wuni guda, shi kuwa ya ga ranar ta dace da yin nazari a cikin rumbu.

Da ya fito, da amsarsa ya fito.

"Laifin jaki na. Littafi gashin ɗan Adam yac ce. Jaki dabba ta marar tunani, in ya ji ƙishirwa har gashinai ƙarya shikai."

"Jakina dai bai taɓa ce ma kowa shi yi shuka ba," in ji Illo.

Yari ya shiga ɗaki. Ya ɗauki tulun da ya rage ya ƙara masa laka a baki, ya tura shi can ƙuryar gado.

A duk Tsamaye babu mai gashin Larai matar Illo. Kitsonta na sauka har gadon baya, baƙi wuluk, yana sheƙi, a shekarar da gashin kowa ya yi ja ya kakkarye. Illo ya fi ta alfahari da shi. Ko ba a tambaye shi ba yakan ce kakarta Buzuwa ce, gado ne. Ba ta kitso a gari, sai dai lokaci-lokaci ta haura Maradi wurin 'yar'uwarta ta dawo da sabon kai, mata su yi ta kallo suna haɗiyar miyau.

Lawwali ya iske ta a rijiya da tsakar rana. Sauran matan na can gefe suna faɗa a kan wadda ta riga zuwa. Larai ta sunkuya tana jan guga, jelar kitso guda ta zamo daga ƙarƙashin ɗankwali. Almakashi na cikin hannun rigarsa. Sara ɗaya ya yi.

Ta juyo. Ta ga almakashin, ta ga abin da ke hannunsa. Lawwali ya shirya wa ihu, har ya zaɓi lungun da zai bi. Sai ta waiwaya ta dubi matan nan, ta yi sauri ta tura guntun jelar cikin ɗankwali, ta rage murya.

"Ɗan Yari, maido mini da abina tun muna mu biyu."

Ya ce za a maido bayan jarrabawa, tare da godiyar gwamnati. Ta ɗauki tulunta rabin ruwa ta wuce. Lawwali ya koma gida yana jinjina kai. Ashe a garin nan akwai mace guda da ta san darajar ilimi.

Sabon silin ya fi duk abin da ya yi fata: dogo, santsi, ga ƙarfi, ko an ja ba ya tsinkewa. Wannan karon a jikin tsamiyar masallaci ya kafa allon, ya ce nesa da masu hassada. Tsinke ya tsaya cak a kan FARI. Da safe FARI, da rana FARI, da asuba ma, lokacin da ko jaki ya san iska ta yi sanyi, FARI.

Daga nan darajarsa ta fara dawowa. Kullum yakan zo da safe, ya sauke tabarau kan ido, ya duba, ya juyo ya ce yau ba za a yi ruwa ba. Kullum kuwa ba a yi. Mako ya zagayo bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Waɗanda suka zage shi suka fara cewa wataƙila da gaske laifin jakin ne. Ranar da gari ya fita roƙon ruwa, maza da riguna a juye, yara na kuka, Lawwali ya bi sahu ya yi addu'a tare da kowa, amma a hanyar dawowa ya gaya wa na kusa da shi kada su sa rai da yawa, ya duba kafin a fito. Maganar ta kai kunnen Malam Almu. Liman ya shafa gemunsa wajen da ya yi gibi, ya yi istigfari.

Ana nan sai direban motar Sabon Birni ya kawo saƙo: Malam Rasaki, malamin da zai duba aikin, yana tafe ran Alhamis. Malam Rasaki Bayerabe ne mutumin Ilori, tsakanin Yarbawa da Gobirawa kuwa akwai wasan taubasai tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗaya bawansa ne. Lawwali ya san halin mutumin. In aka tarbe shi da anza, to har ya bar aikin koyarwa duk ajin da ya shiga sai ya ba da labarin ranar da Gobirawa suka ba shi maganin zazzaɓi a akushi suka ce abinci ne. Yari kuwa tun Talata ya tafi garin Isa ta'aziyya.

Ran Laraba Lawwali ya tsaya a tsakar gida ya sanar cewa babban baƙo na zuwa, za a dama masa fura, da shi da dattawan da za su zauna shaida. Safiyatu ta tambayi turmi da wane geron. Lawwali ya ce akwai tulu.

Muciya ta faɗi daga hannunta. Ta ce wa turmi a gaya wa mai baƙo wannan tulun ba abinci ke ciki ba, shekara ce a ciki.

Lawwali ya yi bayani cikin haƙuri irin na mai ilimi. Tsinke ya nuna babu ruwa a wannan wata, har da mai bi masa. Ko da ruwa ya zo daga baya, zango gero ne mai nawa, ba zai kai ga nuna ba, ajiye shi asara ce. Ban da haka, Malam Rasaki ya faɗa a aji cewa makaranta na da sabon iri mai saurin nuna, kuma ba yadda za a yi ya zo wurin ɗalibinsa na ɗaya hannu rabbana. Buhu zai kawo. Gaskiyar da ke cikin wannan magana ita ce, wata rana Malam Rasaki ya taɓa nuna musu ɗan iri a cikin kwalba.

Safiyatu ta yi gardama da turmi. Ta yi da kaza, ta yi da randa, ta kafa wa ƙofar ɗaki hujjoji masu ƙarfi. Amma a cikinsu babu mai hannun da zai riƙe mutum. Abin da ya rage shi ne ta tare ƙofa ta dubi idonsa ta ce, Lawwali, a'a. Wannan kuwa ba ta taɓa yi ba tun ranar da ta haife shi, uwarta ma ba ta yi wa nata ɗan farin ba, ta buɗe baki harshe ya ƙi. Shi ya shiga ya jawo tulun, shi ya fasa lakar, shi ya sheƙe tokar, ya juye a turmi ya yayyafa ruwa. Geron da ya sha ruwan surfe kuwa ya gama zama iri. Safiyatu ta ɗauki taɓarya ta yi dakan, tana faɗa mata maganganun da ba a faɗa wa ɗan fari.

Alhamis ta waye da wani irin zafi mai nauyi. Iska ta tsaya cik, zufa na tsiyaya ko mutum na zaune, tsofaffi na ƙorafin gwiwa. Lawwali ya sauke tabarau ya duba. FARI.

Gindin tsamiya ya cika tun kafin azahar, don labarin fura ya fi labarin kimiyya saurin tafiya. Maza a kan tabarmi, mata a bayan dangar masallaci suna leƙe. Malam Rasaki ya iso a kan babur, gajere mai tumbi, ya cire hular kwano ya dubi jama'a.

"Ina bayina Gobirawa? Na ga kun daina zuwa gaisuwa, na ce bari in zo da kaina in ga ko kun mutu."

"Bawa ya dawo gida," in ji Malam Almu. "A ba shi ruwa kar shi hwaɗi, a ce mun wulaƙanta dukiya."

Aka kawo fura a manyan ƙore biyu. Babu nono, da ruwan tsamiya aka dama, amma gero ne na gaske, wanda wasu a wurin sun manta ƙamshinsa. Malam Rasaki ya sha ya lumshe ido, ya ce ashe ƙarya ake yi wa gwamnati, mutanen da ke dama irin wannan ba yunwa suke ji ba. Ludayi ya zaga dattawa. Illo ya sha, ya canza wurin zama ya kuma sha, ya sake canzawa.

Sannan Lawwali ya miƙe. Ya tsaya gefen allonsa, fuskarsa ga jama'a, bayansa ga gabas. Ya fara daga yadda iska take, ya bi ta kan Turawan da suka yi wannan bincike suka bar shi rabi, ya gangaro kan kansa. Yana cikin magana ya lura idanun mutane sun buɗe, bakuna sun saki, wasu har suna miƙewa tsaye. Bai taɓa ganin magana ta kama jama'a haka ba. Abin da suke kallo kuwa ta saman kafaɗarsa yake, inda gindin sama ya yi baƙi kamar bayan tukunya.

"Don haka nike gaya muku," in ji shi, ya ɗaga yatsa, "watan ga babu ruwa. In ko ɗigo ya sauka, ku aske mini kai da fasasshiyar kwalba."

"Mun ji," in ji Illo. "Akwai kwalba gidana."

Malam Rasaki ya share baki ya matso. Ya jiƙa hankicinsa a buta ya riƙe kusa da silin. Tsinke bai motsa ba. Ya kai baki ya huro masa numfashi har sau da yawa. Tsinke bai motsa ba. Lawwali ya ce ai injin ba ya karɓar cin hanci. Malam Rasaki ya yanki ɗan guntun da ya yi saura a ƙasan ahu, ya ƙyasta ashana ya kara. Abin bai babbake ba. Narkewa ya yi, ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo, wani wari ya tashi.

Illo ya shaƙa, ya yi dariya, ya juya don kowa ya ji.

"Wanga ba warin gashi ba na. Ni mahauci na, kawunan da na babbake sun fi mutanen garin ga yawa. Wagga roba ta. Irin ta igiyar buhu."

Malam Rasaki ya tambayi ɗalibinsa a ina ya samo wannan.

Ran Lawwali ya ɓaci. A zage shi ya jure, amma ba a zagi kayan aikinsa ba.

"Roba? Malam, wanga gashin Larai na, matar Illo. Da hannuna na yanko shi bisa kanta, bakin rijiya."

Sai daga bayan danga wata mace ta ce wani ɗan ƙaramin "ayyo," daga nan dariya ta ɓarke a cikin mata kamar an fasa rumbu. Wata na cewa dama ta faɗa, wata na cewa shekara nawa tana shafa man shanu a banza don ta kamo roba. Illo ya miƙe tsaye. Ya dubi Lawwali da ya taɓa kan matarsa, ya dubi dangar da matar take, ya dubi jama'ar da shi da bakinsa ya ba su shaida, ya rasa da wanda zai fara.

"Kakarta Buzuwa ta," in ji shi, da muryar da ba ta kai ko tabarma ta biyu ba.

"Kakarta na nan kasuwar Maradi," in ji tsohuwar nan mai muciya. "Rataye take bisa ƙusa, da 'yan'uwanta."

Larai ba ta gudu ba. Ta fito daga bayan danga, ɗankwali tamke har gira, ta ratsa tsakiyar maza ba ta dubi kowa ba, ta isa gaban allon. Ta kama silin ta fizge abinta. Ahu ya faɗi ƙasa. Tsinke, da ba shi da sauran abin da ke riƙe da shi, ya sulale ya dangana da RUWA.

A daidai nan aka yi tsawa. Iska ta taso ta kwashe hulunan sahun gaba, ɗigo na farko, mai faɗin kwabo, ya sauka a kan gilashin tabaran Lawwali.

Ya dubi sama, ya dubi tsinke.

"Kun gani? Ya nuna! Malam, a shaida, ya nuna!"

Babu wanda ya tsaya shaida. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Liman na kabbara yana tattare riga, yara na tsalle a cikin taɓo, duk wanda ke da sauran iri, ko cikin ƙullin zane ne, ya ruga gida ya tono shi. Illo ya bi bayan Larai yana kiranta, ita ko ko waiwaye. Lawwali ya tarar da Malam Rasaki a zauren liman yana ƙoƙarin shigar da babur. Ya taya shi turawa, sannan ya yi gyaran murya ya tambaya, cikin ladabi, ko buhun irin yana tafe a mota.

"Wane iri?"

"Sabon nan, Malam. Mai saurin nuna. Wanda kan nuna muna."

"Na kwalba? Ai ɓeraye sun cinye shi tun bara." Ya matse hankicinsa. "Da tarkon ɓera ka yi, da ka taimaki makaranta. Maki kuma sai mun haɗu a Sakkwato, Sarkin Hadari. Amma ka gaida mai furar nan."

Bayan la'asar ruwa ya tsagaita ya koma yayyafi. Ƙasa ta sha har ta ƙoshi, ƙamshinta ya cika gari, hanyoyin gona suka cika da mutane da sungumi. A lokacin Yari ya shigo daga hanyar Isa, a ƙasa, jiƙe sharkaf, yana sauri kamar saurayi, yana gaida kowa da dariyar da aka shekara biyu ba a gani ba. Bai tsaya cire riga ba. Ya shiga ɗaki ya durƙusa ya miƙa hannu ƙuryar gado. Tulun ya taso masa da sauƙi.

Safiyatu na bakin murhu. Ta ba randa labari tun daga farko har ƙarshe, ba ta rage komai ba.

Yari ya ajiye tulun a hankali inda ya ɗauko shi. Ya ɗauki sungumi ya fita.

Lawwali na gindin tsamiya shi kaɗai, ya ciro allonsa ya rungume. Ruwa ya wanke gawayin, babu FARI babu RUWA. A gefen tabarma ƙwarya guda na nan da sauran fura a gindinta, yayyafi na ɗiga a ciki. Yari ya sunkuya ya ɗauka, ya karkata ta ya duba abin da ya rage.

"Lawwali."

Lawwali ya waiwaya bayansa ya ga ko akwai wani mai sunan. Babu kowa.

"Na'am, Baba."

Yari ya ɗora masa ƙwaryar a hannu, ya saɓa sungumi a kafaɗa.

"Wuce gaba. Ni in sara, kai ka zuba."

Suka bi hanyar gona, mutane na ratsewa suna ba su wuri. Lawwali na gaba da ƙwarya, ya kifa allon a kanta kada ruwa ya shiga.